Rijiyar da Suka Haƙa a Kan Dandamali

Ɗana yana shekararsa ta biyu a kwaleji ya zo gida wata Juma'a da yamma, ya same ni a tsakar gida ina matsar man gyaɗa, ya tsuguna can gefe ya gaishe ni. Ɗan fari ne, kuma shi kaɗai Allah ya ba ni, don haka ba na kama sunansa, hirarmu ma ba ta cika tsawo ba. Ranar sai na ga ya ƙi tashi. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, can ya ce akwai wata ƙungiya da ya shiga a makaranta, ta ɗalibai ce zalla, babu malami a ciki. Su suke rubuta wasan kwaikwayo, su sa masa waƙoƙi, su haɗa kayan wasan da hannunsu, su nuna a ɗakin taro idan zango ya zo ƙarshe. Bana labarinsa aka zaɓa. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ya ce labarin na mai haƙar rijiya ne.

Ban ɗago ba. Na ci gaba da danna tunkuza har man ya fara zuba gefen turmi.

Babansa haƙar rijiya yake yi da rani. Da damina manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, gero da dawa da gyaɗa a 'yan gonakin nan namu da suka manne da juna, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. In an gama kaka, shi da yayansa su ɗauki diga da igiya da bokiti su bi ƙauyukan da ke tsakaninmu da Tsanyawa. Shi ne mai shiga ciki don ba shi da jiki, yayan kuma yana sama yana jan ƙasa. Su biyun 'ya'yan baffana ne, auren gida aka yi mana. Shi ya sa nake ce wa babban Yaya, kuma har yau a gidansa nake, a sashen da marigayin ya bari.

Rijiyar da ta rufta da shi a bayan gari take, ba nisa. Sun wuce jar ƙasa, sun wuce marmara, suka tarar da rairayi. Da hantsi ne. Yaron yana goye a bayana, bai daɗe da fara tafiya ba. Sai washegari bayan azahar aka kai ga babansa. Aka yi masa sutura, aka cike ramin. Iyakar abin da yaron ya tashi ya sani ke nan.

Abin da ya kawo shi ranar, waƙa yake so. Ya ce wadda nake yi in ina daka. Na ce ni ba na waƙa. Ya ce ina yi, ƙasa-ƙasa, tun yana ƙarami yake ji, sai dai bai taɓa kama kalmomin duka ba. Wallahi ban san ina yi ba. Waƙar babansa ce, shi ya ƙirƙiri abarsa. In bokiti ya cika sai ya girgiza igiya sau uku, ya ɗaga murya daga ƙasa don kada na sama ya shagala:

Ja, ɗan'uwa, ja, ƙasa ta cika,
Sanyin ruwa ya taɓa tafin ƙafa.

Na ƙi. Ya kwana biyu bai sake tayar da maganar ba. Ranar Lahadi da safe ya ɗauki jakarsa zai koma, na ce ya ajiye wayarsa a kan turmi ya fita zaure. Na juya wa wayar baya, na fuskanci katanga, na rera sau biyu. Da ya dawo ya ɗauki wayarsa ya kama hanya.

Maganar ta kai kunnen Yaya. Zuwan yaron na gaba ya kira shi zaure, ina jiyo su daga ciki. Ya ce karatun malanta aka tura shi, ba kiɗa ba. Ya ce maza da mata a wuri ɗaya suna rera waƙa ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kuma mamaci addu'a yake bukata, ba kalangu ba. Yaron ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in Baffa ya ce a bari zai bari, don shi ya riƙe shi tun bai san kansa ba.  Sai na ji Yaya ya ce, "Ban ce ka bari ba. Ban kuma ce ka yi ba." Matarsa ta gaya mini daga baya cewa tun daga ranar ya rage cin abinci, in ya dawo sallar asuba sai ya zauna a kan buzu har rana ta fito.

Cikin makonnin nan waya ba ta huta ba. Yaron da a da sai ya yi sati biyu bai kira ba, yanzu kusan kullum ne. Wace riga Baba yake sawa in zai shiga? Da takalmi ko ba takalmi? Yana yawan dariya? Ina amsawa a taƙaice, amma in ya kashe sai in zauna riƙe da wayar, abubuwan da na ɗauka sun tafi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya: ƙasar da take maƙale a gashin girarsa, da yadda yake tofa yawu a tafin hannu kafin ya kama igiya. Akwai wata tsohuwar hularsa a ƙasan akwatina, ta koɗe har ba a gane launinta. Na ba wani direban garinmu ya kai wa yaron.

Wata Asabar ya zo da 'yan ƙungiyarsu su uku, su ga gari su gaishe ni. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar unguwar Bacirawa, doguwa, mai saurin magana, tana yi tana cakuɗa Turanci. Ita ce za ta fito a matsayina. Ta roƙi in nuna mata yadda ake ɗaura goyo a yi daka, ta karɓi taɓarya ta gwada, muka yi ta dariya. Tana da kirki. Da samarin suka fita ta matso kusa da ni ta ce, "Inna, ki yi haƙuri da tambayar. Lokacin da labarin ya zo miki, me kika yi?"

Na ce mata na yar da taɓarya na fita da gudu ina kuka.

Ba haka aka yi ba. Kwana biyu kafin ranar ba na yi wa baban yaron magana. Ƙanwata ta haihu a wani ƙauye, ya yi alkawarin zai kai ni barka, sai ya ɗaga saboda rijiyar, ya ce saura kaɗan su cim ma ruwa. Abin bai kai ya kawo ba, amma ni yarinya ce lokacin. Da safen na ajiye masa kunu ban kalle shi ba. Ya sha, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To, na tafi." Ina ji, na ƙi amsawa. Ya ɗan jira, sannan ya fita. Da hantsi na jiyo ihu daga bayan gari, na ɗauka saniyar wani ce ta kwance. Ko da maƙwabciyata ta faɗo gidan ta ce rijiya ta rufta, ban yar da taɓarya ba. Na ƙarasa dakan. Na kwashe garin, na rufe shi da faifai don kada kaji su ɓata, sannan na fita, a tafiye. Hawaye bai zo mini ba sai bayan sadakar bakwai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ban ga yadda zan fara da yarinyar da ta zo da littafi da biro a hannu ba.

Ranar wasan Asabar ce, bayan azahar. Na shirya za mu tafi da matar Yaya, sai ga shi ya fito cikin rigarsa ta Juma'a, ya ce mata ta zauna, shi zai raka ni. Muka taka zuwa bakin titi, muka shiga ƙaramar bas, shi a gaba ni a baya. Har muka isa Bici, inda kwalejin take, bai juyo ba.

Ɗakin taron ya cika da ɗalibai. Iyaye ba mu da yawa, an ware mana benci uku a gaba, maza dama mata hagu. Yara suna ta kai-komo da wayoyin lasifika, wani yana faɗa da janareto a waje. Wani dattijo tela yana nuna wa na kusa da shi labulen, yana cewa shi ya ɗinka wa 'yarsa kyauta, kwana huɗu yana kai. Matar da ke gefena ta miƙo mini ruwan leda. Ta ce 'yarta ce matar mai haƙar rijiyar, wata guda ke nan tana dakan turmin da ba komai a ciki, ta ɗaura filo a baya, har maƙwabta sun fara tambaya ko lafiya. Ta ce da farko baban yarinyar ya hana, sai da ya ga rubutun wasan ya tabbatar ba rawa a ciki. Ta tambaye ni nawa wane ne. Na ce yana cikin masu wasan. 

Da aka ja labule na ga rijiyar. Duro biyu suka yanka suka haɗa, suka lulluɓe da takardar siminti da aka shafa wa jar ƙasa, suka gitta itace a sama. A gefe ga mai kalangu da mai sarewa da wani yaro a gaban fiyano, 'yan amshi kuma sun yi layi biyu. Farkon wasan abin dariya ne. Mutanen gari suna gardamar inda za a haƙa, kowa yana so a ƙofar gidansa, ana yi da waƙa ana mayar wa juna. Ɗaki ya yi ta dariya, ni ma na yi. Na fara cewa a raina ashe abin da sauƙi.

Sai ɗana ya fito da hular a kansa.

Na san suna kama, kowa yana faɗa. Amma kamar fuska daban, tafiya daban. Babansa yana tafiya kafaɗar hagu a ɗan sauke, saboda ɗaukar igiya. Ban taɓa gaya wa yaron wannan ba, bai tambaya ba, kuma a gida ba haka yake tafiya ba. Ga shi ya ratso dandamali kafaɗa a sauke. Ya tsaya bakin rijiyar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya zura ƙafa. Shekarunsa a ranar sun kusa kai na babansa lokacin da ya shiga ta ƙarshe. Ya sauka a hankali har hular ta ɓace.

Da ya ɗaga waƙar daga cikin duron, muryar ta fito da wannan amon na rami, mai zurfi, kamar daga nesa. Haka nake jin ta in na kai musu fura bakin aiki. Ruwan ledar ya zame daga hannuna. Na dubi ɓangaren maza. Yaya yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, yatsunsa a dunƙule.

Daga sama suka zazzago buhun rairayi, kiɗa ya tsaya cak. Yarinyar tana gefen dandamali tana daka. Ta yar da taɓarya, ta ruga, ta faɗi a bakin rijiyar da goyonta, ta kama wata doguwar waƙar kuka da su suka rubuta, tana kiran mijinta, tana tuna masa da safe sun rabu suna dariya. Muryarta tana da kyau ƙwarai. Ɗaki ya yi tsit, sai jan hanci. Uwarta ta kama hannuna ta riƙe tana hawaye. Ni kuwa ina zaune idona a bushe, ina kallon ƙaryar da na yi ta tashi da ƙafafunta, ɗaruruwan mutane suna yi mata kuka.

Na ɗauka nan za a ja labule. Sai igiyar da ke rataye a itacen ta motsa. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Yaron da ya fito a matsayin Yaya ya yi tsalle ya kama ta, ya kira mutanen gari. 'Yan amshi duk suka bar layinsu suka zo suka kama, kalangu ya dawo, suka ɗauki waƙar gaba ɗaya suna ja. Hannu ya fara fitowa, ya dafa bakin rijiyar. Sai hular. Sai ga shi gaba ɗaya, ja wur da ƙasa, yana tari yana dariya. Matar ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ya karɓa ya sha har yana zuba a ƙirjinsa.

Ba wanda ya gaya mini haka za a ƙare. Ɗaki ya miƙe ana tafi ana fito. Ni ina zaune. Shekara ashirin ina ganinsa a mafarki, amma kullum a ƙasa yake, ban taɓa ganin ya fito ba sai ranar, da rana tsaka, a gaban mutane. Da na waiwaya ɓangaren maza, wurin Yaya babu kowa.

Yaron ya same ni a bakin ƙofa, bai ko wanke fuska ba. Na kasa kallonsa, na tsayar da idona a kan ƙafafunsa. Ya ce in yi haƙuri bai faɗa mini ba. Da farko yadda abin ya faru ya rubuta. Sati guda suna gardama a ƙungiya, wasu suna cewa a bar gaskiya yadda take, shugabarsu kuma ta ce ba za su gayyato iyayensu su sallame su da gawa ba. Aka ɗaga hannu, ƙuri'a ta zo daidai, saura tasa.

"Ni na raba gardamar, Inna," ya ce. "So nake in ga ya fito, ko sau ɗaya ne."

Na ce sun yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Uwar yarinyar tana kusa, ta ji. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta rufe bakinta da mayafi. Ta so ta yi magana, na gaishe ta na wuce.

A gindin wata darbejiya kusa da masallaci na sami Yaya. Ya yi la'asar, yana zaune takalmansa a gefe. Ya tashi muka nufi tasha.

Da bas ta sauke mu a bakin titi rana ta yi sanyi. Muka bi hanyar gonaki, shi a gaba ni a baya, ba komai a fili sai kututturen kara da awaki. Mun yi rabin tafiya ya tsaya. Bai juyo ba. Ya tambaye ni wa ya gaya wa yaron maganar girgiza igiya bayan ruftawar. Na ce ba kowa, alamar aikinsu ce, duk garin an san ta, yaran ne suka ƙaga sauran.

Ya ce ba ƙage ba ne. Ya ce bayan ƙasar farko ta zuba, ƙura ta lafa, igiyar tana hannunsa, ta motsa sau uku. Ya ji ta sarai. Shi kaɗai ne a wurin, mutane ba su iso ba. Ya ja da duk ƙarfinsa. Yana cikin ja gefen ramin ya sake zamewa, ƙasar da ta fi ta farko yawa ta tafi. Daga nan igiyar ba ta ƙara motsi ba.

"Ban sani ba ko jan da na yi ne ya kawo ta biyun," ya ce. "Da na jira mutane, da an bi a hankali. Ban sani ba."

Ya ce ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Na tsaya ina kallon bayansa, rigar Juma'ar tana kaɗawa. Ban ce masa ba laifinsa ba ne, don ya san duk abin da zan faɗa, shi yake faɗa wa mutane a gidan makoki. Sai na ji bakina yana ba shi nawa labarin, na kunun da na sallamar da ban amsa ba, da garin da na tsaya rufewa da faifai. Ya saurara har na gama. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya gafarta mana. Na ce amin. Muka ci gaba da tafiya, muka shiga gari ana kiran magariba.

Wani ya ɗauki wasan a waya, kafin wata ya zagayo ya shiga garinmu. Mata suka yi ta shigowa yi mini barka da haihuwar ɗa mai basira. Waƙar ta kama bakin yara. A famfon tuƙa-tuƙa da ke bayan katangarmu da ita suke buga ruwa, safe da yamma, ja ɗan'uwa ja, suna yi suna dariya. Yaya ya canja hanyar zuwa masallaci, yana zagayawa ta gaban gidan mai unguwa. Ni ba ni da inda zan zagaya, ina tsakar gida ina ji. Yaron ya gama karatunsa, yana koyarwa a wata firamare, yana haɗa wa ɗalibansa 'yan ƙananan wasanni ranar rabon sakamako. Ni da Yaya ba mu sake tayar da maganar ba, shi ma ba mu gaya masa ba.

Bara aka kawo wata amarya gidan maƙwabtanmu daga wani gari mai nisa. Da ta fara fita gaishe-gaishe ta shigo wurina, ta durƙusa, na ba ta tabarma. Ta ce tun a garinsu ta ga wasan a wayar yayanta, ta kalla ya fi sau goma, da aka ce mata nan ne gidan har ta ƙagu ta zo. Ta leƙa wajen ɗakin da ke gefen nawa, ta tambaya ko Baba yana ciki ta gaishe shi.

Na ce mata ya rasu.

Ta yi salati, ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta ce, "Allah sarki. Daga baya ke nan?"

Na ce mata eh, daga baya. Na tashi na ɗebo mata ƙuli-ƙuli a leda, na raka ta har zaure.